Gansakuka, Baƙuwar da Ba Ta Sallama

Tun da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, mutanen Bebeji da Kiru suka saba da kifi, har wasu suka gina tankin siminti a bayan gida suna kiwon tarwaɗa. Wani alhaji a Tudun Wada shi kuwa ƙawa yake so. Ya sayo akwatin gilashi daga Kano, da 'yan tsirrai da jajayen kifaye, ya girke shi gaban taga don baƙi su gani.

Ba a jima ba ruwa ya koma miyar kuka. Baƙo sai ya manna hanci a gilashi kafin ya hango wutsiyar kifi. Alhaji ya kankare gansakuka, ta dawo. Ya zargi yara, ya zargi rijiya, har ya fara zargin maƙwabta da baki.

Alhali shi ne mai masaukinta. Gansakuka ba ta neman komai sai hasken rana, ragowar abinci da kashin kifi, ga shi Hajiya saboda tausayi ba ta wucewa sai ta ce, "Alhaji, bayin Allahn nan yunwa suke ji," ta watsa musu ƙari.

Maganin ba ya hannun boka. A janye akwatin daga taga, a rage abinci, a canza rubu'in ruwan kowane mako. Mai tanki ya sa ƙarfasa, ita tana cin ta. In gansakuka ta yi kauri, da dare takan shanye iskar ruwa, da asuba ka tarar da kifi suna haki a sama.

Don Allah kada a zuba Omo. Kifin ne zai riga ta mutuwa.