Masu Fankar Kicin a Yerwa

A Maiduguri ƙamshi abin alfahari ne. Mace za ta yafe bashi, amma ba za ta yafe wa wadda ta ce ɗakinta ba ya ƙamshin turaren wuta ba. Sai dai in kana son sanin halin gida, wuce falo ka shiga kicin, ka dubi na'urar zuƙe hayaƙi da ke rataye a saman murhun gas, wadda kowa ke ce wa fanka.

Akwai Hajiyar sabon gini a GRA. Tata tun ranar da aka kafa ta ba a ɓare ledarta ba. Wannan kicin na nuna wa baƙi ne. Burabisko da miyar kuka a bayan gida ake yin su, kan murhun gawayi, 'yar aiki na fifita tana share hawaye. "Ai tamu ba ta taɓa yin datti ba," in ji Hajiya. Wallahi ba ta yi ƙarya ba.

Sai Mai Kasko. Ragar fankarta ta toshe, maiƙo ya zama ja, wani lokaci har ya ɗigo kan murfin tukunya. Ita maganin kowane wari a wurinta garwashi ne da turare. Ta dafa bandar da aka sayo a kasuwar Baga Road, hayaƙi ya rasa hanyar fita, sai ta ƙara kasko na biyu. Baƙo ya zauna ya rasa gane ko labulen ne aka yi wa miya, ko kifin ne ya shafa humra.

Shi kuwa Malam Ba-Wuta uzurinsa na ƙin wanke fanka ɗaya ne: babu wuta. Gaskiya garin ya sha duhu tun da aka lalata turakun layin lantarki na Damaturu a Janairun 2021, har aka buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris na 2023. To amma wace wuta soso da sabulu suke jira?

Wanda na fi tsoro shi ne Injiniyan Asabar. Maigida ne, ya tashi da kuzari, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Ke dai kawo min sukundireba." Bai kashe soket ba. Ya kwance abin da ba a kwancewa, ya watsa wa injin ruwa, ya mayar da komai, ƙusoshi suka yi saura a aljihunsa. Aka kunna, fanka ta yi tari ta yi shiru. Nan take ya yanke hukunci: "Kayan yanzu ba su da ƙarko." Uwargida ta ce, "Sannu da aiki, Alhaji," da irin muryar da duk mai aure ya san fassararta.

Kaka a Shehuri dariya take yi musu duka. Madafarta ta itace ce, rufin ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya, kuma ta hana a taɓa, wai ita ke kare azara daga gara. Tana da hujja, don hayaƙi na korar ƙwari. Tarin da take kwana yi ne dai ba ta yarda a danganta shi da madafa.

Ta Jajiberin Sallah sau biyu take tunawa da fankarta a shekara. Kafin nan ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama danƙo. Sai ta jiƙa ragar cikin ruwan kanwa mai ƙarfi, ragar alminiyam kuwa ta dushe ta yi toka-toka, ba ta ƙara haske har abada.

Mai yin abin daidai ba ta da labari mai daɗin ji. Kusan kowane wata takan kashe soket, ta zare ragar, ta jiƙa ta a ruwan zafi da sabulun wanke-wanke, ta goge da tsohon buroshi, ta shanya ta bushe sarai kafin ta mayar. In fankar mai matacin gawayi ce, ta san yawancinsu ba a wanke su, canzawa ake yi. Dalilinta kuwa ba kwalliya ba ce: maiƙon da ya taru a saman murhu, harshen wuta ɗaya daga kaskon suya ya isa ya kama shi.

Hajiya, Alhaji, a miƙa yatsa a shafa ragar nan. In ya manne, a ɗora ruwan zafi yau.