Fili Ɗaya, Masu Shi Biyu: Yadda Ake Raba Rigimar Adireshi Tsakanin Kwamfutoci

Malam mai shagon kwamfuta, ko a Mainika kake, ko cikin Gwarzo, ko Kabo, ka san tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, lokacin buga silif ba ya karɓar uzuri. Idan ɗalibai sun cika benci, kwamfuta ɗaya ta ƙi shiga intanet alhali maƙwabciyarta na aiki garau, ka dakata da tsine wa kamfanin waya, kuma kada ka daki allon. Sau da yawa rigimar fili ce ta ɓarke a shagonka.

Duk na'urar da ta hau sadarwarka tana da adireshin IP, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, kamar 192.168.1.10. Rauta ce mai unguwa. Ita ke yanka wa kowa filinsa ta tsarin da ake kira DHCP, kuma aro take bayarwa, wa'adi na cika a sabunta. Tun 1994 aka keɓe adiresoshin da suka fara da 192.168 don amfanin cikin gida, shi ya sa lambarka na iya zama a wani ofis a Landan ba wanda ya ji kan wani. Fitina sai in biyu sun riƙe lamba ɗaya ƙarƙashin rufi ɗaya. Nan saƙo zai rasa ƙofar da zai shiga, intanet ya riƙa zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci Windows ta fito da gargaɗi.

Fara da sulhu. Buɗe baƙin allon umarni a kwamfutar da ke ƙorafi, ka rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Ta saki filin ke nan ta nemi sabo. In ka ga lambarta ta fara da 169.254, ba wanda ya ƙwace mata komai, mai unguwar ce ba ta samu ba, sai ka duba kebul.

In rigima ta dawo, a nemo ɗan kama-wuri-zauna. Zare kebul ɗin mai ƙorafi, ka koma wata kwamfutar ka rubuta ping tare da adireshin da ake faɗa a kai. In an amsa, rubuta arp -a, zai nuna maka lambar MAC ta wanda ya amsa, wato lambar da na'ura ke zuwa da ita daga masana'anta. Bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya kana gwadawa. Ni dai shawarata ka fara da firinta, wannan salihar da ke kwana a lungu. Galibi wanda ya haɗa ta ya sa mata adireshi da hannu, ya karɓi kuɗinsa ya hau mashin, bai gaya wa rauta ba. Ita kuwa rauta ta ga fili kamar ba mai shi, ta miƙa wa wayar wani ɗalibi.

Wanda ya fi wannan tayar da hankali shi ne rauta ta biyu da ka sayo don Wi-Fi ya kai ɗakin baya. Ka naɗa masu unguwa biyu a unguwa ɗaya, kowacce na rabo ba ta san da littafin ɗayar ba, kuma ba mamaki dukansu sun zo da adireshi iri ɗaya, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Shiga saitin ta biyun, ka canza mata lamba, ka kashe mata DHCP, ka soka kebul a ramin LAN. Ba ta rasa komai ba sai sarauta.

Ɗauke wuta ma na da hannu: wasu ƙananan rautoci suna mance rabon da suka yi, laftof mai batir kuwa na nan riƙe da tsohuwar lambarta. In ka tada janareta, bari rauta ta gama farkawa, sannan ka katse laftof ɗin daga sadarwa ka sake haɗa ta.

Daga nan ka yi iyaka. Daga 2 zuwa 49 na masu zaman dindindin ne, firinta da kyamara da babbar kwamfutarka, rauta kuma ta yi rabo daga 50 zuwa sama. Duk lambar da aka sa da hannu a rubuta ta a takarda, a manne a jikin na'urar, kwafi ɗaya kuma ya shiga littafin shago, a shafin da yaronka ba ya yaga don lissafin fotokwafi.