Ku Yi Ta Dariya, Ƙafarku Na Hannunsa

To, jama'ar Maruta, labari ya iso. An ce samari sun gama sakandare, wani ma da takardar difloma a ƙarƙashin katifa, sun je sun durƙusa gaban baduku suna koyon ɗinkin takalmi, ku kuma kun samu abin hira a majalisa. Kawu ya ce boko ya ƙare a gwangwanin gam. Yaya mai babur ya ce dukanci gado ne, wanda ba a haifa a gidan dukawa ba ko ya shekara goma iyakarsa shumeka. Madalla da wannan fatawa. Kafin mu ci gaba, kowa ya sunkuya ya dubi ƙafarsa. Kawu, waccan ƙusar da ke riƙe da hancin silifarka, ba tun damina take nan ba?

Ai ku ne makarantar yaron, ba ku sani ba. Babu maigidan da zai miƙa wa ɗan koyo fata mai tsada ya ɓata. Tsofaffin takalmanku ake tura masa, wanda ya tsinke a hanyar Gwaram da wanda ya buɗe baki a kasuwar Sara, a kansu yake koyon riƙe allura mai ƙugiya da jan zare har ɗinki ya zauna. Kuna biyan kuɗin gyara, shi yana karatu kyauta. Allah ya saka da alheri.

Kuma karatun ba na rago ba ne. Ɗauki gam kawai. Sai an kankare fuska biyun da za a haɗa, a shafa wa kowace, sannan a ajiye a jira ya sha iska har a taɓa da yatsa bai kama ba. A nan ake gane mai gaggawa: yana shafawa ya manna, ya buga guduma, ya miƙa maka yana murmushi, kafin ka kai masallaci takalmi ya ɗaga maka gaisuwa. Sai yanka. Ana zana ƙafa a kwali, a yanke ta dama, a kifa kwalin a yanke ta hagu. Wanda ya manta kifawa sai ya tashi da ƙafar dama biyu, kuma har yau ba a haifi mai sayensu a Jigawa ba. Fatar ma ba ɗaya ba ce a jikin akuya guda. Ta gadon baya ta fi tauri, ta wajen ciki tana miƙewa. Ka yanki maɗauri daga ciki, bayan mako biyu mai takalmi na tafe yana jan ƙafa. Gefen da za a naɗe kuwa sai an fefe shi ya yi siriri, wuƙa na kwance, hannu ba ya rawa. Yaya, wanne daga cikin waɗannan ake tsotsa a nono?

Gado dai akwai shi, ban musa ba. A birnin Kano unguwa guda ce sunanta Dukawa, kuma tun 1851 da Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shiga birnin, ya tarar ana fitar da takalman Kano zuwa nesa, har ya ƙiyasta cinikin da wuri miliyan 10 a shekara, mafi kyawun takalmin kuma wuri 200. Amma je ka Ƙofar Wambai yau ka tambayi masu ɗinki ɗaya bayan ɗaya, za ka sha mamakin yawan waɗanda iyayensu manoma ne. A Samarun Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya da aikinta ke nan, koyar da jima da sarrafa fata, kuma takardar shiga ba ta tambayar sana'ar kaka. Mutanen Aba da suka cika kasuwar Ariaria da takalma, wane Sarkin Dukawa ne ya naɗa su?

Na ji Hajiya daga bayan labule tana cewa roba ta kashe kasuwa. Hajiya, a nan kin yi gaskiya rabi. Takalmin roba na Sin ya fi araha, ba ya tsoron ruwa, kuma babu mai hankalin da zai shiga fadama da sau-ciki na fata. Sai dai ranar ɗaurin auren ɗanki ban ga kin bar shi ya fita da roba ba. Ga 'yan makaranta da ke cinye sandal kowane zango, ga kuben wuƙa, ga gafakar almajiri, ga ragama da kayan doki in hawan Sallah ya matso a masarautar Dutse. Duk wannan a Kano ake sayowa, da kuɗin mota a kai.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne fatar layyarku. Ku sayar da ita kuɗin goro, ko ku bar ta a rana ba gishiri har ta yi wari. Wadda ta tsira ta tafi Kano, ko dai majema su cire gashi, su jeme ta da bagaruwa, su rina da karan dafi, ko kuma masana'antun Sharaɗa da Challawa su gyara ta a loda zuwa Italiya. Can a ɗinka, a buga tambari, ta dawo kanti a Abuja da farashin da ya fi na ragon da aka feɗe. Sannan ku tsaya bakin gilashi kuna cewa Turawa sun iya aiki.

Na san ƙarshen zancen. Yaron zai ƙware, ya sayi keken ɗinki, ya kama shago a bakin titi, Kawu kuma ya zo da sabuwar murya: "Ɗana, auna min ƙafa, in an sayar da riɗi zan biya." Ɗan koyo, ka auna shi da ladabi, ka tambayi lafiyar gida, amma ka karɓi rabin kuɗi kafin wuƙa ta taɓa fata.