Gwanayen Gangara

A tsibirin Reyuniyon, wani yanki na Faransa da ke cikin Tekun Indiya gabas da Madagaska, ana samun wasu irin jarumai masu zuwa hutu. In ka tambaye su, hawan dutse da keke suka zo yi. Ɗan gyaran da ke ciki shi ne, mota ce ke hawan, su nasu saukowa.

Tun da asuba ake lodinsu a bas, kekuna na biye a tirela, a nufi ƙololuwar Maido mai tsayin kimanin mita 2,200. Sammako dole ne, domin da hantsi ya dubi ludayi gajimare ke rufe wurin, kuma hoton da ba a ga komai a cikinsa ba asarar kuɗin jirgi ne. Direba na kokawa da kwanoni, jarumi na munshari a kujerar baya.

Da isa sai a sha ɗamara: hular kwano, safar hannu, makarin gwiwa, da wani wando mai ɗame jiki wanda ba ya rufa wa tumbi asiri ko kaɗan. Daga nan a leƙa kwarin Mafate, inda babu titin mota ko ɗaya. Mutanen ƙauyukan can da ƙafa suke shiga da fita, kaya masu nauyi kuwa sai jirgi mai saukar ungulu. Jarumi ya dube su daga sama, ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai irin rayuwar da yake sha'awa ke nan. Ya gyara tabarau, ya ɗauki kansa hoto.

Sai gangara. A ratsa daji, a wuce masu tatsar man furen jeraniyom, a bi ta gonakin rake, har bakin teku wajen Saint-Paul. Duk tsawon tafiyar feda ba ta san an hau keken ba. Birki ne ke kuka yana ƙauri, amma ba wanda zai yi masa sannu. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

A kan wannan dutse ake gasar Mégavalanche, inda ƙwararru ke rugowa a tare kamar an koro su. Wannan ya ishi namu abin tunƙaho, ai hanyarsu ya bi. Manhajar Strava ma ba ta da gulma: za ta lissafa masa kilomitoci, abokai su yi ta jinjina. Shi kuma ya zauna gaban shinkafa da wake da miyar kari, ya rama ƙarfin da bai kashe ba.

In ya koma gida, zai sayi keke mai tsadar tsohuwar mota, ya rataye a bango inda baƙi za su gani. Burodin bakin layi kuwa, ina makullin mota?