Gayyar Gini a Kudu: Masu Ɗauka da Masu Nuni

A Arewa gayya ta gona ce. A yi noma, a sha kunu, a watse. Bahaushen da neman abinci ya kai Fatakwal ko Anacha ko Inugu ba shi da gona, saboda haka gayyarsa ta gini ce: a ƙara aji a Islamiyya, a ɗaga katangar maƙabarta, a zuba dakin a masallacin da ya yi wa jama'a kaɗan. Ranar Lahadi ake sa ta, don ranar ce kasuwanni ke rufe. Ladan zai yi shela bayan Asuba, Sarkin Hausawa ya aiko wakili, tifa ta juye yashi. Daga nan sai halin kowa ya fito fili.

Alhaji Buhu Hamsin ba ya zuwa wurin aiki, domin ya gama nasa tun ranar ƙaddamar da asusu. Ran nan ya karɓi lasifika ya ce ya ɗauki nauyin siminti buhu hamsin, aka yi kabbara har tantabaru suka tashi. Tun daga lokacin kaya na hanya. Yau mota ta lalace a Lakwaja, gobe direba ya je biki. Tsohuwar gadar Anacha tun 1965 take ganin motoci iri-iri, ba ta taɓa ganin wannan ba. Har gwamnati ta gina gada ta biyu aka buɗe a 2023, simintin Alhaji bai ƙetaro ba.

Shi kuwa Injiniyan Baka da farar shadda yake zuwa, hannuwa a baya. Sana'arsa canjin kuɗi, amma ya taɓa yin gadi na wata shida a wurin wani gini, kuma daga nan ya samo digirinsa. Birkilan da ya shekara ashirin yana jera bulo sai ya ji ana ce masa, "Kai yaro, wannan layin ya karkace." Babbar shawararsa ita ce a yi rufin soro shimfiɗaɗɗe irin na garinsu, da indararo biyu. A Fatakwal fa, inda ruwan shekara ke wuce milimita 2,000, fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, inda in ka haƙa tushe da safe, da yamma kwaɗi sun tare a ciki. Idan aka ƙi shawararsa ba ya fushi. Gefe yake komawa ya jira tsaga ta farko a bango.

Rigimar alƙibla mutum biyu take buƙata, kuma ba sa bayyana sai an gama haƙa tushe. Ɗaya dattijo ne da ya san gabas ita ce inda rana ke fitowa, haka ya gada. Ɗayan saurayi ne da waya a tafin hannu yana juyi a tsakiyar fili, yana cewa daga nan Kudu sai an karkata arewa sosai kafin a fuskanci Makka. Yaron ne ke da gaskiya, sai dai ya faɗe ta da murya irin wadda ba a yi wa manya. A ƙarshe bango ya bi dattijo, shimfiɗar darduma ta bi yaro, shi ya sa za ka shiga wani masallacin ka ga sahu a gicciye.

Mai hoto ba ya cin lokaci. Bulo ɗaya, hoto tara, sai Facebook: "Yau ma muna bakin hidimar al'umma."

Akwai wanda aka haifa a nan. Kakansa jirgin ƙasa ya kawo shi, a layin dogon da Turawa suka shimfiɗa daga Fatakwal zuwa Inugu saboda kwal. Hausarsa tana ɗingishi, yana ce wa mace "kai", 'yan ci-rani suna yi masa dariya a bayan ido. Dariyar tana ƙarewa ne sa'ad da samarin unguwa suka dira suna neman kuɗin taka ƙasa kafin a aza bulo ko ɗaya. Nan za ka ga manyan Alhazai sun tuna suna da alwala da za su sabunta. Shi zai fita, ya juya harshe zuwa Ibo, ya haɗa da Broka, ya tuna wa shugabansu cewa ajinsu ɗaya a firamare, kuɗi ya sauko zuwa na lemo. Ya dawo kuma a ci gaba da kiransa ɗan Kudu.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Baba Baɗi-Zan-Koma. Tun zamanin Shagari yake cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe. A kowane zaman kwamiti maganarsa ɗaya ce: baƙo raɓa ne, kada a zuba dukiya a ƙasar mutane, langa-langa ma ta isa. Ba a yi masa gardama da ƙarfi, domin ya san rikicin da aka yi a 1966, kuma yana Anacha a 2006 lokacin da rikici ya sa mutane suka tsallaka Asaba da abin da ke jikinsu. Wani mai karatu yakan tuna masa cewa magajin garin Inugu na farko, Malam Umaru Altine, Basakkwace ne mai fataucin shanu, kuma mutanen garin ne suka zaɓe shi a shekarun 1950. Baba sai ya ce, "To yanzu ina yake?" Ya gina gida mai tayil a ƙauyensu, jemagu ne ke kwana ciki. Amma fa ranar gayya shi ke riga kowa zuwa, shi ke ƙirga rodi, kuma shi ya dage a sa mai kauri a ginshiƙi, wai kada jikokinsa su zo karatu abu ya faɗo musu. Jikokin da baɗi za su koma tare da shi.

Aikin kansa kuwa 'yan baro ne ke yi, da masu gyaran takalmi, da 'yan garuwa: yaran Jigawa da Zamfara da Maraɗi da suka zo bayan kaka. Su ke kwaɓa kankare, su ke hawa tsani da kwanon sarki a ka tun hantsi har la'asar. Sunansu ba ya cikin littafin ma'aji, don littafin na masu kuɗi ne. Kafin a yi fenti yawancinsu sun koma shuka.

Maƙwabci mai shagon kayan gini daga coci yake biyowa, da kwat ɗinsa. Bin bashin ƙusa da katako ya zo yi. Yana tsaye yana faɗa sai ya hango yadda ake kwaɓi. "Alaji, wannan yashi ya yi yawa, kuna so ku ɓata mini suna?" Kafin a ankara ya tuɓe kwat ya karɓi shebur. Bashin yana nan, ya ƙara da buhu biyu.

Sai wanda ya san ainihin lokacin da Hajiya mai abinci ke sauke tukunya. Ba a taɓa ganin isowarsa ba, sai dai a gan shi a layi. Yakan tsaya bayan tarin yashi ya shafa ɗan siminti a gaban riga da goshi, ya fito yana dafe ƙugu yana cewa wash. Malmala biyu yake ci, ya sa a ƙulle masa ta uku saboda wani ɗan'uwa da ke saman dakin, sa'an nan ya ja ma'aji gefe ya ba shi shawara cewa mako mai zuwa a ƙara nama, don mutane suna wahala.