Sannunku da Aiki, 'Yan Majalisar Seattle

Madalla da ku, 'yan majalisar birnin Seattle na Amurka! Ranar 14 ga Mayu, 2018, ku tara kuka ɗaga hannu, ba wanda ya noƙe, kuka ɗora wa manyan kamfanoni harajin dala 275 a shekara a kan kowane ma'aikaci, don a gina gidaje masu sauƙin haya a kuma agaza wa masu kwana a titi. Ƙidayar waccan shekarar ta gano mutum sama da 12,000 marasa matsuguni a gundumar King, wadda birninku ke cikinta. Abin da za a tara wajen dala miliyan 47 ne a shekara.

Da yake Allah ya yi ku da tausayi, sai kuka hango wanda ya fi waɗannan mutane shiga uku, wato kamfanin Amazon. Bawan Allah Jeff Bezos, maigidan kamfanin, wanda a lokacin ba mai kuɗinsa a duniya, ina zai sa kansa da wannan nauyi? Tun ana muhawara kamfanin ya dakatar da shirin wani dogon bene a tsakiyar gari, kuka gane karatun, kuka zaftare harajin daga kusan dala 500 da aka fara ambata. Da kuka ga har yanzu ran maigida a ɓace yake, ranar 12 ga Yuni, ko wata bai cika ba, bakwai daga cikinku suka soke dokar ɗungurungum. Ɗan da ya sha tarbiyya ma bai kai ku jin magana ba. Kshama Sawant da Teresa Mosqueda ne kaɗai suka yi taurin kai, Allah ya shirye su.

Ai kun kyauta. A shekarar 2018 Amazon ya ci ribar fiye da dala biliyan 11 a Amurka, bai biya gwamnatin tarayya ko sisi na harajin riba ba, to ku su wa da za ku ɓata masa suna? Jiharku ta Washington ma a lokacin ba ta taɓa albashin kowa, a kan saye da sayarwa take tatsa. Saboda haka matar da ke kwana ƙarƙashin gada, cikin ruwan saman nan naku da ba ya ɗaukewa, in ta sayi bargo sai ta biya harajin wajen kashi 10 cikin 100. Ita dai ba ku yafe mata ko kwabo ba, don ba ta da benen da za ta dakatar, ranku ya daɗe.