Masu Nuna Wa Baƙo Gari a Haɗejiya

Baƙon da ya sauka a tashar motar Haɗejiya ya tambayi inda zai ci abinci da abin da zai kalla, ba ya rasa mai ba shi amsa. Sai dai kowa da inda yake jan akalarsa.

Akwai Malam Tarihi. A tambaye shi gidan tuwo, sai ya gyara zama ya ce, "Ɗan samari, tuwo ba ya gudu. Ka san abin da ya faru a garin nan ran 25 ga Afrilu, 1906?" Daga nan sai yaƙin da Sarki Muhammadu Mai Shahada ya gwabza da Turawa har ya rasa ransa. In baƙo ya kuskura ya gyaɗa kai, a koma baya ga Sarki Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye. Labari ne da ya cancanci a ji, amma har a kira la'asar bawan Allah bai karya ba.

Sai mai ɗan'uwa a kowace rumfa. Mai tsiren da ya fi kowa a Jigawa ƙanin matarsa ne, mai shayin kirki kuma ɗan yayarsa. A kasuwar kifi, inda ake ɗure bandar tarwaɗa a kwalaye ana lodinta zuwa Kudu, zai wuce dillalai goma bai ko kalle su ba, ya tsaya a na goma sha ɗaya. "Alhaji, wannan namu ne, ba zai cuce ka ba." La'adarsa tana cikin kuɗin tun kafin a fara ciniki. In baƙon ɗan Kudu ne, har wurin masu busassun kwaɗi ya san wani nasa.

Ɗan acaɓa kuwa komai a wurinsa "nan gaba kaɗan" ne, har da Baturiya da ke can ƙaramar hukumar Kirikasamma.

Wanda ya fi sa baƙo jin ya yi asarar kuɗin mota shi ne tsohon masunci, sarkin "ai ka makara". A nuna masa kifi mai tsawon hannu, ya taɓe baki ya ce a zamaninsu wannan yara ake bar wa. Baba yana ƙara gishiri, amma ba ƙarya zalla yake yi ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan fadamar yankin ta sauya, ciyawar kacala ta toshe magudanai, ta cinye wuraren su da gonaki. Abin da ba zai taɓa faɗa ba shi ne inda baƙo zai ci farfesun kifi yau.

Ga kuma ɗan boko mai waya a hannu, wanda ya haddace cewa an sa dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na muhimman dausayi a 2008, kuma tsuntsaye suna tasowa tun daga Turai su sauka a can. Shi dai bai taɓa taka wurin ba. Manomin shinkafar da ke gefensa yana jinsa yana tsaki, don tsuntsun da ya sani jan-baki ne, mai cinye gona kafin girbi.

Duk shawarwarin nan suna rushewa da zarar baƙo ya isa masauki. "Abincin kasuwa, muna raye? Haba ɗan nan!" in ji Hajiya, ta dire masa tuwon shinkafa da miyar kifi, ta tsaya a kansa sai ya cinye.

Mai niyyar zuwa ya duba lokaci kafin ya saurari kowa. Tsuntsayen Baturiya da hunturu ake samunsu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wanda ya zo a Satumba kuwa, lokacin cikar kogi, ya fara tambayar mai kwalekwale ko hanya tana biyuwa.